Makulli a Hannun Wa? Tarihin Kwantar da Masu Taɓin Hankali Bisa Tilas, daga Bagadaza zuwa Dubai

A ranar 30 ga Mayu, 2024, wata sabuwar doka ta fara aiki a Dubai da sauran masarautu shida na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ita ce Dokar Tarayya mai lamba 10 ta 2023, a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta gaji wata gajeriyar doka mai lamba 28 ta 1981, wadda aka shafe shekara fiye da 40 ana tsare masu taɓin hankali a ƙarƙashinta. A farkon wannan shekara ta 2023 ɗin, cikin Janairu, aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta ture dokar mahaukata ta 1958. Ƙasashen biyu ba su haɗa komai ba ta fuskar arziki ko gine-gine, amma ga su a shekara ɗaya gaban tambaya ɗaya: yaushe ya halatta a kulle mutumin da bai aikata laifin komai ba, a danne shi a yi masa allura yana cewa ba ya so? In kuma an kulle shi, wa zai zo daga waje ya duba ko lokacin buɗewa ya yi?

Tambayar ta girmi ƙasashen biyu nesa ba kusa ba. A ƙarni na 12, wani matafiyi Bayahude daga ƙasar Sifaniya, Binyaminu na Tudela, ya isa Bagadaza ya ga wani babban gida da ake ajiye waɗanda hankalinsu ya gushe. Ya ba da labarin cewa da sarƙar ƙarfe ake ɗaure su, cinsu da shansu kuwa daga gidan halifa. Sai dai ya ƙara wani bayani da na fi ba muhimmanci a kan duk sauran: kowane wata ma'aikatan halifa suna zuwa su bincika mutanen ɗaya bayan ɗaya, wanda aka ga hankalinsa ya dawo a sallame shi ya koma gida. Wani matafiyin, Ibn Jubayr, da ya ratsa Alƙahira a 1183, ya ga asibitin da Salahuddin ya kafa, da wani sashe mai ɗakuna masu tagogin ƙarfe, inda ake da masu leƙa halin marasa lafiyar kullum. Bayan shekara ɗari Sarki Ƙalawun ya gina babban asibitin Mansuri a 1284, shi ma da sashensa na masu taɓin hankali. Duniyar Musulmi ta riga Turai mayar da hauka ciwon da ake kai wa likita, wannan gaskiya ce. Amma sarƙar tana nan, kuma bai kamata mu riƙa tsallake ta idan muna alfahari da waɗancan asibitoci ba. Abin koyi a Bagadaza shi ne mai zuwa duba sarƙar duk wata.

Fiƙihu ma ya daɗe da shimfiɗa tushe. Wanda hankalinsa ya gushe an sauke masa nauyin hukunci, ana naɗa masa waliyyi mai kula da dukiyarsa, kuma malamai sun bambanta haukan da ba ya yankewa da mai zuwa yana tafiya. A lokacin da mutum ya farfaɗo, cinikinsa da maganarsa suna da ƙarfi kamar na kowa. Wato tun can an san cewa ciwon ba ya cinye mutum gaba ɗaya har abada. Wannan fahimta ce dokokin zamani suka ɗauki dogon lokaci kafin su iso gare ta.

Dubai ta da kuwa ba ta san asibiti ba. Ƙaramin gari ne a bakin wani lungun teku, mutanensa masunta da masu nutso neman lu'ulu'u da fatake, kuma da kasuwar lu'ulu'u ta karye a shekarun 1930 talauci ya yi musu katutu. Wanda ya sami taɓi, wurin malamin unguwa ake kai shi, wanda suke kira muɗawwa'. A yi masa tofi, a rubuta ayoyi da za'afaran a wanke ya sha, wani lokaci a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi. Akwai kuma masu zar, wasan iskoki da kiɗa da turare wanda duk Bahaushen da ya san bori zai gane shi da gani ɗaya. In abin ya gagara, ɗaki ne a cikin gida da ƙofa a rufe. Babu alƙali, babu takarda. Hukuncin dangi ne, kuma kunya ce ke gadinsa. Mu ma haka muka taso muka tarar: rubutu, hayaƙi, ruƙiyya, in ya faskara a sa shi a turu ko a kai shi gidan mari.

Takarda da alƙali daga Turai suka shigo wannan sha'ani. A asibitin Bicêtre na birnin Faris, wani mai kula da marasa lafiya, Jean-Baptiste Pussin, ya cire wa mazaje sarƙa a 1797, ko da yake sunan likita Philippe Pinel ne ya fi fita a labarin. Faransa ta yi dokarta a 1838, wadda ta rayu har 1990. A Ingila, John Conolly ya hana ɗaure marasa lafiya a asibitin Hanwell tun 1839, sannan dokar 1890 ta ce sai da umarnin majistare za a tsare mutum. Da Turawan mulkin mallaka suka zo Najeriya, sai suka kawo kullewar suka bar jinyar a gida. Aka buɗe gidan mahaukata a Kalaba, aka buɗe na Yaba a Legas a 1907, aka yi doka a 1916, wadda aka ɗan gyara ta zama ta 1958. A ƙarƙashinta likita na iya sa a riƙe mutum har kwana 7 don a lura da shi, majistare ya yi bincike ya sa hannu, shi ke nan. Dokar ba ta yanka wa'adin fita ba, ba ta kuma damu da magani ba. A Arewa, da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a gidajen yarin En'e suka ƙare, tare da ɓarayi. Likitocin da gwamnatin mulkin mallaka ta gayyato su duba lamarin, irin su Cunyngham Brown a shekarun 1930 da J. C. Carothers a tsakiyar shekarun 1950, sun rubuta rahotanni, amma kuɗin gyara bai biyo baya ba.

Wanda ya nuna wata hanya ɗan ƙasa ne. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta: maimakon a kulle marar lafiya, sai a sauke shi a ƙauyen da ke kusa da asibiti tare da wani ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa karɓar magani da rana yana kwana cikin mutane. Ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Daga baya ya zama mataimakin babban darakta a Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin takaici ne cewa duniya ta yaba wa Aro, amma dokar ƙasarsa ta zauna yadda take har kusan shekara 70 bayan haka.

A Dubai kuwa abubuwa da gudu suka zo. Asibitin farko, Al Maktoum, an buɗe shi a Deira a 1951. Aka gano mai a 1966, aka fara fitar da shi a 1969, masarautu suka haɗe a Disambar 1971, asibitin Rashid ya buɗe a 1973, inda daga baya aka sami sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Garin da mutanensa ba su kai 60,000 ba a ƙidayar 1968, yau ya haura miliyan 3 da rabi. Dokar 1981 ta zo a tsakiyar wannan gudu. Hankalinta yana kan yadda za a tsare wanda ciwonsa ya yi tsanani da wanda ke da ikon yin hakan. Maganar haƙƙin wanda aka tsare kaɗan ce a cikinta. Asibitin Al Amal, na gwamnatin tarayya, shi ya zama babbar cibiyar wannan jinya ga Dubai da masarautun arewa, kuma a 2016 ya koma sabon gini a Al Awir mai gado fiye da 270.

Bincike ma ya fara tsiro. A 1992 Dakta Rafia Ghubash, 'yar Dubai, tare da abokan aikinta, ta wallafa binciken da ta yi a kan mata 300 na garin, ta samu fiye da kashi 20 cikin 100 suna fama da wani nau'i na ciwon ƙwaƙwalwa, galibi baƙin ciki mai nauyi da fargaba. Wani binciken da aka yi a Al Ain aka wallafa a 2009 ya nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na masu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa sun fara biyawa ta wurin malamai. Waɗannan ayyuka sun ƙirga masu ciwo da hanyar da suke bi. Tambayar yadda mutum yake ji idan an kai shi da ƙarfi, a wasu ƙasashe aka fara yin ta, kuma amsar da aka samu ta girgiza likitoci.

A shekarun 1970 wani likita Ba'amurke, Alan Stone, ya kawo hujjar da har yau iyalai da likitoci ke dogaro da ita: ka tilasta masa yanzu, in ya warke zai gode maka. A shekarun 1990 wata tawagar masana ƙarƙashin John Monahan, da tallafin gidauniyar MacArthur, ta shiga asibitoci a jihohin Virginia da Pennsylvania ta tambayi marasa lafiyar da kansu. Abu na farko da suka gano, abin da ke rubuce a takarda bai cika faɗin gaskiya ba. Akwai waɗanda aka rubuta sun shigo da yardarsu alhali sun sa hannu ne don an ce in ba su sa ba za a kawo 'yan sanda. Akwai kuma waɗanda doka ta tsare amma suna ganin da son ransu suka zo. Na biyu, rarrashi da lallaɓawa ba sa barin mutum da jin an zalunce shi, barazana da ƙarfi ne ke barinsa da shi. Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi: abin da ke raba wanda ya fita da ɗaci da wanda ya fita da kwanciyar rai shi ne ko an saurare shi, ko an girmama shi, ko ya ga masu yanke hukuncin da kyakkyawar niyya suka yi. Da aka koma wa mutanen bayan sallama, a wani rahoto na 1999, kusan rabin waɗanda da farko suka ce ba sa buƙatar asibiti sun yarda cewa lalle suna buƙata. Amma jin an tilasta musu bai ragu ba. Mutum na iya cewa maganin ya yi masa amfani, kuma bai yafe yadda aka ɗaure shi a bayan mota ba.

Turai ta maimaita tambayar da faɗi. Binciken EUNOMIA, wanda Thomas Kallert ya jagoranta daga birnin Dresden na Jamus, ya bi mutum fiye da 2,300 da aka kwantar bisa tilas a ƙasashe 11. Bayan wata 1, waɗanda suka ce kwantarwar daidai ce sun kama daga kashi 39 zuwa kashi 71 cikin 100, gwargwadon ƙasa. Bayan wata 3, daga 46 zuwa 86. Tazarar nan ita ce labarin. Ciwon iri ɗaya ne a ko'ina, abin da ya bambanta shi ne doka da halin ma'aikata. Kusan kashi 38 cikin 100 na waɗanda aka tsare an yi musu allurar dole, ko an ɗaure su a gado, ko an keɓe su a ɗaki, kuma nan ma wata ƙasa ta ninka wata kusan sau uku. Wani nazari na 2019 a kan ƙasashe 22 ya samu Italiya tana tsare mutum 14.5 cikin kowane 100,000 a shekara, maƙwabciyarta Ostiriya kuwa 282. Italiya ce ƙasar likita Franco Basaglia, inda dokar 1978 ta rufe ƙofar manyan gidajen mahaukata, ta ce tilas sai likita biyu sun nema, magajin gari ya ba da umarni, alƙali ya tabbatar, kuma kwana 7 ne kafin a sake dubawa.

An kuma gwada ko tilas ɗin kansa yana warkarwa. A Ingila, Farfesa Tom Burns na Oxford, wanda da farko yana goyon bayan a riƙa tilasta wa waɗanda aka sallama shan magani a gida, ya raba mutum 336 gida biyu don ya gani. Sakamakon da ya fito a 2013: kashi 36 cikin 100 ne suka koma asibiti a kowane ɓangare. Ya fito fili ya ce ra'ayinsa ya sauya. A Gana, Angela Ofori-Atta da abokan aikinta sun kai maganin asibiti wani sansanin addu'a inda ake ɗaure mutane. Rahotonsu na 2018 ya nuna ciwon ya yi sauƙi ga waɗanda suka sha magani, amma kwanakin da suka yi cikin sarƙa ba su ragu ba. Wannan ya daɗe yana damuna. Ashe sarƙa ba kullum take bin tsananin ciwo ba. Tana bin al'ada da tsoro da abin da mai riƙe da makulli ya saba. A Ibadan da Kumasi, Farfesa Oye Gureje ya haɗa ma'aikatan lafiya da masu maganin gargajiya da na addini, kuma a rahoton 2020 marasa lafiyar sun fi samun sauƙi, ɗauri da duka suka ragu ƙwarai, har a wuraren da ba a kai haɗin gwiwar ba amma ana zuwa ana dubawa.

Mu a Arewa ba sai an ba mu labari ba. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da maza da yara fiye da 300, da yawa da mari a ƙafa. A watan da ya biyo baya aka sake ganin irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna biyan kuɗi, wasu don ƙwaya, wasu don taɓi, wasu don gagara kawai. Ba na zagin iyayen nan. Uwar da ɗanta ya kwana uku bai runtsa ba yana yawo da wuƙa, ga asibitin Dawanau ko Kware ko Barnawa da nisa, ga kuɗin gado, ba ta da zaɓi mai yawa. Amma kowa ya san yadda ake yi: "Taso mu je a duba ka mu dawo." Daga nan sai ƙarti huɗu da igiya da allurar barci. Deborah Aluh da abokan aikinta, da suka zauna da marasa lafiya a manyan asibitocin ƙwaƙwalwa biyu na Najeriya suka wallafa a 2022, sun ji wannan yaudara daga bakin waɗanda aka yi wa. Mutanen ba su ce kada a taɓa tilasta wa kowa ba. Sun yarda akwai halin da babu makawa. Kukansu shi ne wulaƙancin da ke tafe da abin, da yadda yake sa mutum ya tsani asibiti ya ƙi komawa, har ciwon ya dawo a sake ɗaure shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To me sabuwar dokar Dubai ta kawo? Ta shafi duk wata cibiyar jinyar ƙwaƙwalwa, ta gwamnati da ta kuɗi, har da waɗanda ke yankunan ciniki na musamman. Ta rarrabe shiga da yardar kai, da shigar gaggawa, da ta tilas, da wadda hukumar shari'a ta yi umarni. Ta wajabta a yi wa marar lafiya bayanin haƙƙoƙinsa da hanyar kai ƙara. Ta kafa kwamitin kare haƙƙin marasa lafiya a cikin asibiti, da wani kwamitin sa ido a kowace masarauta, ta kuma tanadi ɗauri da tara daga dirhami 50,000 zuwa 200,000 ga masu saɓa mata. Tun a Nuwambar 2020 ƙasar ta daina ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifin da ake hukuntawa, abin da sabuwar dokar Najeriya ba ta taɓa ba, don sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa ya tsira daga gyaran. Ita ma ta Najeriya ta kafa kwamitin da zai saurari ƙorafi ya duba tsarewa, ta kuma yanka wa'adi. Ƙasashen biyu duk sun amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2010.

Akwai wani sashe a dokar Dubai da mai karatu daga nesa zai iya wucewa bai lura ba: an hana mai kamfani korar ma'aikaci saboda ciwon ƙwaƙwalwa sai da rahoton kwamitin likitoci. A garin da kusan mutum 9 cikin 10 baƙi ne, kuma izinin zaman yawancinsu yana rataye da aikinsu, wannan sashe ya shafi tilas kai tsaye. Wanda ya san zuwa asibiti na iya cinye masa aiki da biza zai ɓoye ciwonsa har ya fashe a titi ko a masaukin leburori, kuma wanda ya fashe a titi motar 'yan sanda ce ke kai shi.

A nan ne nake tuna 'yan'uwanmu da ke Deira, masu saro kaya a kasuwar Naif da kasuwar gwal, da direbobi da masu gadi da 'yan aikin gida. Duk tsarin da muka gada, na Larabawa da na Hausawa, ya ɗauka akwai uwa ko wa ko kawu a bakin ƙofa, mai kawo abinci, mai ce wa likita "ranka ya daɗe, ya fa dawo daidai." Baƙo ba shi da wannan. Wanda ya kawo shi wataƙila abokin ɗaki ne ko wakilin kamfani. In Hausa kaɗai yake ji sosai, ko Hausa da ɗan Faransancin Maraɗi, to ko bayanin haƙƙin da doka ta wajabta ba zai shiga kunnensa ba sai da tafinta, kuma likitan da ba ya jin harshensa zai iya ɗaukar maganar sammu ko iska, wadda kowa ke yi a garinsu, a matsayin alamar ciwo. Sauraren da binciken MacArthur ya nuna shi ne ginshiƙi ba ya yiwuwa babu harshe. Wani babban nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2019 ya tabbatar baƙin haure da tsirarun ƙabilu sun fi 'yan ƙasa faɗawa kwantarwar tilas.

Saboda haka abin da nake jira daga kwamitocin Dubai, da na Abuja, shi ne lissafi a bainar jama'a kowace shekara: mutum nawa aka tsare, 'yan wace ƙasa, kwana nawa, nawa aka ɗaure a gado, nawa suka kai ƙara, nawa kwamiti ya ce a saka. Ingila tana fitar da irin wannan lissafi, kuma ta cikinsa aka ga ana tsare baƙar fata fiye da ninki uku na fararen fata. Wannan adadi yana cikin dalilan da suka sa gwamnati ta naɗa Farfesa Simon Wessely ya sake duba dokar ƙasar gaba ɗaya, ya miƙa rahotonsa a Disambar 2018.